Wanda Ya Yanke Jifan Marzuk

Da kai nake, Ustaz Wagih Dahshuri, mai shirya fim. Kai ka kusa kashe auren jikata, kai ka hana yaron kirki ɗaga kai a unguwarmu Imbaba, kuma har yau ba ka ce wa kowa uffan ba. Na je ofishinka, mai gadi ya ce kana taro. Sunana Nabawiyya, uwar Ragab mahauci. Ban taɓa shiga aji ba, amma littafin da ka lalata da kunnena na sha shi, kuma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

A jirgin fito suka haɗu, wanda ke tsallaka kogin Nilu zuwa tsibirin Warrak. Ina zaune da kwandona, jikata Shuruk tana karanta mini littafin Mai Fiton Aljanu, yadda ta saba yi a gida in ina naɗe ganyen kabeji. Ta kawo wurin da Lauza ta iso bakin kogi tana neman ƙanenta da aljanu suka sace, kowa ya ƙi tsallakar da ita sai Marzuk mai fito. Jirgi ya kai gaɓa, ta rufe littafi. Sai wani saurayi a bayanmu, garin katako duk a gashinsa, ya ce, "Don Allah ki ƙarasa shafin."

Na juya na ce, "Kai kuma wa ya gayyace ka?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Na karanta shi tuntuni, amma ban taɓa jin sa da murya ba."

Shuruk ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma ta buɗe littafin ta ƙarasa. Mutane suka sauka, wasu suka hau, jirgin ya komo da mu inda muka fito. Shi ya ɗaukar mini kwando ranar. Sunansa Ramzi, kafinta ne, kwale-kwale yake gyarawa a bakin kogi.

Ni ban yarda da abin da ake rubutawa a ɓoye ba. Duk saƙon da ya shigo wayarta sai ta karanta mini, kuma ya sani.

"Barka da asuba, Lauzata. Yau na doke yatsana da guduma saboda tunanin muryarki. Ki gaishe da Hajiya, na san tana ji."

Ta mayar masa: "Tana ji. Ta ce ka kula da yatsun nan, da su za ka ciyar da ni. Maganar tata ce ba tawa ba, mai fitona."

Ragab, ubanta, bai so ba da farko. Yana da Fikri a rai, ɗan amininsa, mai shagon waya a tsallaken mahautarsa. Amma Ramzi ya zo da kawunsa, ya zauna da ladabi, ya sha shayi, bai yi alkawarin abin da ba shi da shi ba. Ragab ya dube ni, na dube shi, aka karanta Fatiha aka sa zobe.

A nan ka shigo. Mutanenka suka zo neman wanda zai sassaƙa musu kwale-kwalen fim. Ka ga Ramzi tsaye da filafili, ka ce wannan ai fuskar Marzuk ce. Yaron bai taɓa sha'awar fim ba. Saboda Shuruk ya yarda, don ya san babu mutumin da take so a duk littafin kamar Marzuk. Ranar da ya gaya mata, ta rungume ni har ta kusa kayar da ni.

"Kaka, Marzuk ɗina zai zama Marzuk."

Da ƙaramar salla fim ya fito. Ragab ya rufe mahauta, abin da ba ya yi ko yana zazzaɓi, ya sa sabuwar jallabiya, ya kwashi rabin layinmu zuwa silima. Tun a mota yake gaya wa direba surukinsa ne a ciki.

Tun farkon fim raina ya fara ɓaci. Lauzar da na sani ƙafarta duk kaushi saboda tafiya, taka kuwa kamar an fito da ita daga wajen gyaran amare. Ga kuma wani ɗan sarki a kan farin doki. Na taɓa Shuruk na ce, "Wannan ɗan gidan wa ne? Ban san shi ba." Ta ce, "Yi shiru, Kaka, ba ya cikin littafin." Sai ga Ramzi yana tuƙi cikin hazo, layinmu ya ɗauki tafi, Ragab har da miƙewa.

Aka kawo tsakiyar kogi. Duk wanda ya san littafin ya san wurin. Sarkin aljanu ya miƙa wa Marzuk jakar zinare don ya ba da Lauza. Marzuk ya karɓa, ya yi dariya, ya wurga ta cikin ruwa, saboda haka aljanu suka mayar da shi bishiyar dabino a bakin gaɓa. Shuruk ta kama hannuna muna jira. Ramzi ya karɓi jaka. Ya yi dariya. Sai aka nuna bayansa, wata murya mai kauri wadda ba tasa ba ta ce, "Ku ɗauke ta, taku ce."

Babu jifa. Ɗan sarkinka ne ya zo ya cece ta.

Shuruk ta saki hannuna. Wani daga baya ya ce, "Mayaudari." Wani ya amsa, "A'a, ku yi a hankali, surukin Ragab ne." Dariya ta tashi. Ragab ya fita kafin a kunna fitila.

Kai da ke zaune a manyan unguwanni za ka ce ai wasa ne. A layinmu mata suna tofa wa talabijin miyau in mugu ya fito, kuma in sun haɗu da shi a kasuwa ba su amsa gaisuwarsa. Kashegari yara suka fara bin Ramzi suna cewa, "Nawa ka sayar da ita?" Fikri ya sa wurin dariyar nan a babban allon shagonsa, yana maimaitawa daga safe har yamma, daidai inda Ragab ke tsayawa yana sara. Uwar Fikri, wadda a da sai na fara gaishe ta, ta koma tambayar lafiyar gwiwata.

Na ce wa Ragab, "Fim ne, kai ma ka sani."

Ya ce, "Umma, dariyar nan ba a koyar da ita. Wanda ya iya yin ta a gaban jama'a, a cikinsa take. Ranar Juma'a zan mayar wa kawunsa zobe."

Ya sa Shuruk ta cire, ya jefa a aljihu.

Ita ba yaudarar fim ce ta dame ta ba. Gani take ya san an canza labarin, ya ɓoye mata. Ta rubuta masa tana kuka, ta karanta mini ba tare da na tambaya ba:

"Ka san abin da Marzuk yake a wurina. Ka bar ni na zauna kusa da ubana ina tafa maka."

Ya amso nan take: "Wallahi na jefa ta, hasken idona. Abin da ke cikin littafi na yi, shi na faɗa. Ni ma a kujerar silima na fara jin muryar nan. Ki ɗaga waya ko sau ɗaya."

Ba ta ɗaga ba. Ta daina cin abinci, ta tura littafin ƙarƙashin gado. Ina jin ta tana juyi a ɗaki, ni ma ina juyi a nawa. Duk ƙarar ƙofa sai in ce uwar Fikri ce ta zo da farantin neman aure. Na san Ragab, ni na haife shi. In zobe ya bar aljihunsa ya koma hannun kawun Ramzi, ko zai mutu ba zai karɓo shi ba.

Na ɗauki sandata na tafi bakin kogi. Na tarar da Ramzi zaune a cikin kwale-kwalen da bai gama ba, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Tashi ka dube ni. Ka jefa ko ba ka jefa ba?"

"Na jefa, Hajiya, har kafaɗata ta yi tsami. Sai su ce a sake."

"Wa ya gani?"

"Ma'aikatan duka, amma abincinsu a hannunsa yake, ba mai magana. Sai Baba Sabir masunci, na Warrak. Jakar ɗaya ce, shi suka ɗauka yana nutsewa yana ɗauko ta."

Ranar na tsallaka. Sabir ya ce shi ba ya shiga rigimar aure. Na zauna a kan komarsa na ce to yau ba kamun kifi. Sai da ya ce zai zo na tashi.

Ranar Alhamis bayan la'asar na sa aka kai mini kujera ƙofar mahauta. Na jawo Shuruk da littafin.

Ragab ya ce, "Umma, nan wurin sana'a ne."

"Na sani. Yi sararka, ba da kai muke ba. Shuruk, daga bakin kogi."

Ta fara da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Masu jiran nama suka matso. Mai shayi ya rage rediyo. Da ta kai inda Marzuk ya ba Lauza rigarsa saboda sanyin ruwa, muryarta ta dawo, layi ya cika. Ragab ya ba mu baya yana ta sara, kowane sara ina jin sa a ƙirjina. In ya ƙi ji, ba ni da wata dabara.

Sarkin aljanu ya miƙa jaka. Marzuk ya karɓa. Ya yi dariya. Shuruk ta tsaya tana share hawaye.

Sara ya tsaya. Ba tare da ya juyo ba Ragab ya ce, "Sai me?"

"Sai ya wurga ta cikin ruwa, Baba."

Fikri daga ƙofar shagonsa ya ce, "Wannan na littafi ne, Alhaji. Namu na fim mun ga abin da ya yi da idonmu."

Sabir ya yi tari, ya tako gaba. "Kai yaro, idonka a silima yake, nawa a ƙarƙashin ruwa. Jifa kam ya yi, kuma hannunsa ba kyau, sai ya kai ta can tsakiya. In nutse in ɗauko, su ce haske bai yi ba, a sake. Na sha Nilu ranar nan har yau ƙirjina bai koma daidai ba. Na je silima don in ga jifan da na wahala a kai, ban gan shi ba."

Mutane suka yi dariya, amma Ragab bai yi ba. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya tsaya yana kallon ƙasa. Na ga hannunsa ya shiga aljihu ya fito ba komai.

Can ya ce, "Shi Marzuk ɗin, me suka yi masa?"

Shuruk ta karanta masa yadda ƙafafun Marzuk suka nutse cikin laka suka zama saiwa, yana ta ce wa Lauza ta gudu kada ta waiwayo. Ragab ya sa gefen riga ya share fuska, ya ce hayaƙin mai gasa masara ne. Sannan ya daka wa Fikri tsawa ya kashe allon nan, ya juyo ya ce wa 'yarsa, "Kira shi."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Na yi maka zato, ka yafe mini, mai fitona. Baba yana kiranka. Ka wanke gashinka."

Amsa ta zo: "Ba abin yafewa, Lauzata. Tun ɗazu ina bayan shagon shayi. Hajiya ce ta ce in jira."

Ya fito, ya sumbaci kan Ragab. Ragab ya ciro zobe ya ce, "Ungo, mayar mata. Daga yau kai da fim sai kallo."

An ɗaura aure bayan babbar salla. Aka rataye fitilu daga wannan bene zuwa wancan, Ragab ya yanka ɗan maraƙi, Sabir ya zo da kifi, ni na yi guɗa har muryata ta dushe. Na riƙe kawunansu biyu na yi addu'a. Allah ya sa albarka a ɗakinsu, ya ba su zuriya mai jin magana, ya tsare su daga bakin mutane, ya sa su tsufa tare suna dariya.

Amma ni ban gama ba. Layinmu ya ji gaskiya, sauran Masar fa? Fim ɗinka na nan yana yawo. Makon jiya wata mata ta ƙi zama kusa da Ramzi a jirgin ƙasa. Wani mai kwale-kwale ya fasa ba shi aiki, wai ba ya ba mayaudari amanar katakonsa. Gobe 'ya'yansu za su kunna talabijin su ga ubansu yana sayar da mace da muryar wani ƙato.

Jifan nan yana wajenka, Ustaz Wagih. Mutum ba ya ɗaukar abu da wahala haka ya zubar. Ka fito da shi ka mayar inda ka yanke, ka mayar wa yaron muryarsa. Sannan ka zo Imbaba, ƙofar mahautar Ragab, ka tsaya a gaban Shuruk da mijinta, ka gaya mana wanda ya ba ka izinin mayar da Marzuk maci amana. Ina da kujera a wurin kullum bayan la'asar. Ka zo ka amsa.