Gwangwanin Madara a Cikin Injin

Motar haya ta tsaya cak a kan hawan Mampong tana tsakiyar wuce tirela, babbar mota ta taho ta gaba ta murƙushe ta. Direban, Sarfo, ko shurawa bai yi ba, shi da fasinjojin gaba.

Kafin Sufeto Gyamfi ya isa, gari ya riga ya yanke hukunci: direba ya sha giya. Mamaci dai ba ya musu.

Serwa, matar direban, ta sami Gyamfi a ofis, ga ciki ya tsufa.

"Yallabai, mijina ko giyar dabino ba ya taɓawa. 'Yan uwan fasinjoji sun rantse gawarsa ba za ta shiga ƙasa lafiya ba. Kuma babana ne ya sauke injin nan da hannunsa, lafiyarsa lau. Ka wanke mini sunansa."

Gyamfi bai yi alkawari ba. Ya gaji da alkawuran da ke ƙarewa cikin durowa.

Ya sa aka kwance injin. Baƙin mai cike, amma metal ɗin kwanrod, ƙarafan nan masu kamar rabin zobe da karanshaf, babbar sandar injin, ke juyawa a ciki, sun narke sun kama shi. A bayansu aka zaro wani siririn ƙarfe mai guntun rubutu ja.

Ya nufi Suwame, unguwar makanikai, wajen Donko, mai gogar karanshaf.

"Ni ban san motar ba," in ji Donko.

"To tambarin wa ke jikin karanshaf ɗin nan? Na kakarka?"

Donko ya sosa ƙeya. "Na goge shi, Yallabai. Ya rame, dole a sa masa metal mai kauri, a auna ratar da mai zai bi. Na faɗa wa Masta Twumasi. Ya ce tun ina tsumma yake ɗaura injin."

Masta Twumasi, mahaifin Serwa, na zaune a garejinsa cikin baƙin zanen makoki.

"Baba, ka auna ratar?"

"Na auna. Da zaren awo."

"Ina zaren?"

"Ya ƙare."

"Wane metal ka sa?"

"Mai kauri."

Gyamfi ya taka kwalin metal da ke ƙarƙashin benci. Na asali ne, siriri. A gefen butar shayi kuwa ga gwangwanin madara mai jan rubutu, an yanke cikinsa da almakashi. Ya ɗora guntun ƙarfen a wurin, haruffa suka haɗu. Ransa ya ɓaci, don ya so a ce ba su haɗu ba.

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Da ido na zaɓa, na zaɓi kuskure," ya ce. "Da na ɗaura sai na ji yana rawa. In koma in ce wa Donko ya fi ni gaskiya? Sai na yi abin da ubangidana ya koya mini, na cusa gwangwani a bayan metal ya matse. Na juya da hannu, ya ɗan yi tauri, na ce zai saki a hanya."

"Bai bar wa baƙin mai hanyar wucewa ba," in ji Gyamfi.

"Bai bari ba. Yaron nan Sarfo ya ce, Baba, in dai kai ka ɗaura, ko teku na shiga da ita."

Gyamfi bai sa masa ankwa ba. Suna fitowa suka yi kiciɓis da Serwa, ta kawo wa mahaifinta sakwara a kwano.

"Yallabai, ka gano?"

"Mijinki bai sha komai ba. Gobe za a sanar."

Ta ɗaga hannu za ta yi godiya, sai ta ga ɗan sanda riƙe da hannun tsohon.

"Baba, ina za su kai ka?"

Bai iya dubanta ba. Ya shiga bayan mota da kansa.

"Da na sani, Yallabai," ta ce a hankali, "da na bar su suna ce masa mashayi."