Makin Marigayi Bilya

"Miƙo min wayar."

Daga bayan ƙyauren zaure na ji muryar Baba yana magana da saurayina, Zayyad. Safiyanu ne ya haɗa wannan wutar, ɗan gwaggona da na ƙi aura. Da aka tura shi binciken halin Zayyad a Makarfi, ya dawo ya ce ɗan caca ne, kullum kansa a sunkuye kan waya. Baba kuwa ya rantse ba zai ba ɗan caca 'yarsa ba.

Na leƙa ta tsaga, na ga Zayyad a gaban Baba, Safiyanu na gefe.

Zayyad ya zaro tsohuwar waya mai madannai, an ɗaure ta da roba.

"Wasan maciji ne kawai, Baba..."

Baba ya juya ta, ya fara dannawa. Can na ji ƙit... ƙit... ƙit.

"Wannan ai namu ne," in ji Baba, "tun ina kai rake kasuwa."

Wai Baba ne ke wasa! Macijin na ci yana ƙara tsawo, fuskar Zayyad kuwa sai canzawa take, gumi na karyo masa.

"Baba, don Allah ka tsaya!"

Innalillahi! Wa ke katse Baba? Na dafe ƙirji, na ce shi ke nan, na rasa shi.

"Ka gani ko, Kawu?" Safiyanu ya yi caraf. "Akwai abin da yake ɓoyewa!"

Baba ya ɗago. "Me kake tsoro?"

"Wayar yayana ce, marigayi Bilya." Zayyad ya nuna fuskar wayar. "Makin da ke sama, ɗari tara da arba'in, nasa ne. Shekara goma sha ɗaya ina bugawa, in na kusa sai in kashe macijin da kaina. In aka wuce shi, gogewa zai yi. Ko hotonsa ba mu da shi."

Na toshe bakina, hawaye na zuba.

Baba ya dubi wayar. Ya danna sau ɗaya, macijin ya ci karo da bango. Ya miƙa wa Zayyad wayar da hannu biyu.

"Allah ya jiƙansa. Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

Sannan ya juyo wajen ƙyaure.

"Mukarrama, tunda kina nan, kawo wa baƙonki ruwa."