Sunan da Na Rubuta a Ɗakin Tukwane

Ku kashe rediyon nan, ku matso. Sau ɗaya zan faɗa, kuma kada wanda ya katse ni.

Ran Asabar ce, da hantsi. Ni na ce a je gidan adana kayan fasaha da kimiyya na cikin birni. Shekara talatin da huɗu ina zana wa 'ya'yan mutane taurari a allo, ina so jikata ta gan su da idonta. Muka tafi mu huɗu: ni, da matata Hajiya Lantana, da ɗana Nafi'u, da 'yarsa Ummi. Ummi sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidan nan. Ni kaina ban taɓa furta shi ba.

Da farko lafiya lau. Ummi ta ƙirga haƙarƙarin ƙwarangwal, ta leƙa madubin hangen nesa, ta juya ƙwallon duniya har ta gano Nijeriya. Nafi'u ya tsaya ɗaukar hoton zane-zane, mu uku muka bi wani siririn lungu.

Can ƙarshensa akwai ƙofa a buɗe. Sanyi na fitowa, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani mutum na zaune a bakinta cikin fararen kayan aiki, da babbar rajista a gabansa.

"Sannu da zuwa, Malam. Ɗakin tukwane ne. Sai an rubuta suna."

Bakinsa ne ya motsa, amma muryar kamar ta mai magana cikin randa.

Na rubuta nawa, na rubuta na Hajiya, na rubuta Ummi. Ya ɗora yatsa a kai.

"Wannan laƙabi ne. Na yanka nake so."

Hajiya ta ja hannun rigata. "Malam, mu tafi. Dubi ƙasa."

"Ke dai kin cika tsoro. Mutumin nan ya san aikinsa. Ba a cika rajista da laƙabi."

Iyaye nawa na mayar gida daga makaranta a kan haka? Na ce a raina, ai rubutawa zan yi, ba furtawa ba. Na rubuta sunan mahaifiyata cikakke.

Sannan na dubi ƙasa.

Ƙafafunsa na yumɓu ne. Ɗanye, ba yatsu. Ruwa na tsattsafowa daga gare su yana bin siminti.

Kafin in buɗe baki, aka kira sunan daga cikin ɗakin. A hankali. Daga randar ƙarshe, wadda ta fi Ummi tsawo.

"Na'am," in ji Ummi. Ta saki hannuna, ta nufi ciki.

Hajiya ta cire mayafinta ta zarga mata a ƙugu, tana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Na kama ɗaya gefen. Yarinya 'yar shekara takwas, amma wallahi kamar muna jan bijimi. Aka sake kira. Ta sake amsawa. Da ƙyar muka fizgo ta waje.

Na kai hannu zan yage shafin. Mutumin ya rufe littafin.

"An riga an shigar, Malam. Kai ma ka san doka."

Ban tsaya ba sai ofishin shugaban wurin. Ya saurare ni yana murmushi.

"Baba, ɗakin tukwane shekara bakwai ke nan a kulle. Kuma mu ba ma ajiye rajista."

Ya kai ni ya nuna mini kwaɗo, duk ya yi tsatsa. Na nuna masa tawada a yatsana. Ya ce in je in huta. Ni!

A gida kuwa, kullum la'asar Ummi sai ta je gindin randa, ta kara kunne, ta ce na'am. Na fasa randar, ta koma ga buta. Ta daina cin abinci. Cikin wata guda wuyanta ya zama kamar kara.

Limamin unguwarmu ya ce hanya ɗaya ce: tunda sun riƙe sunan, a bar musu. Aka yanka rago, aka raɗa mata wani. Washegari ta ci tuwo, ta yi wasa.

Alhamdu lillahi. Amma sunan uwar da ta haife ni ya fita daga gidana, yana can cikin littafin da aka ce babu shi. Sau uku ina rubuta wa masu kula da wurin takarda, ko amsa ba su ba ni ba. Ba diyya nake nema ba, ba kuma haƙuri ba. A fasa kwaɗon nan a gabana, a ba ni shafina.

Ku kuma, in makaranta ta kai ku can, ku tsaya inda jama'a suke. Kada wanda ya bi lungun nan shi kaɗai. Wanda duk ya miƙo muku biro, ku fara duba ƙafarsa.