Yarinyar da Aka Haifa Cikin Marka

"Marka! Wai ke har yau ba kya gudun ruwa?"

Tana tsaye a ƙofar gida, ta miƙa tafin hannunta yayyafi na sauka a kai. Ta waiwayo, sai ga Gado, taɓo har gwiwa, takalmansa rataye a wuya. Direban tarakta ne a gonakin Simsim, wata biyu cur rabonta da shi.

"Ya salam! Da ƙafa ka zo?"

"Lori ta kafe, na baro su suna turi. Amsar Habboba na zo ji da kunnena, abar ƙaunata."

Murmushinta ya dushe. Sau uku manyansa na zuwa garinsu Basunda neman aurenta, sau uku kakarta Hajiya Batulu, wadda suke kira Habboba, na cewa a'a, ba dalili, ba ƙarin bayani. Ita kuwa baiwar Allah tuni ta gama gina gidanta a zuci: 'yar bukka a tsakiyar riɗi mai fure, hadari na haɗowa daga gabas, ƙarar tarakta na matsowa da la'asar, ita kuma tana hura wutar jabana, tukunyar gahawa, tana jiransa. Tana son Gado kamar ranta. Amma tsohuwar da ta raine ta da nonon akuya? Ko da wasa ba za ta tsallake maganarta ba.

"Ku shigo mana, kun tsaya kuna yi mini ƙus-ƙus a ƙofa!" in ji Hajiya daga ɗaki.

Gado ya durƙusa ya gaishe ta. "Habboba, laifina nake so in ji."

"Ba ka da laifi, ɗan nan. Ka san ma'anar sunan da kake ta kira?"

"Na dai san na mutanen da ne."

"Iyayenmu suka taho da shi daga yamma, a kan hanyarsu ta Makka. Yarinyar da aka haifa cikin marka ke nan, lokacin da ruwa ke wuni yana zuba ba ya ɗaukewa, dawa ta yi kore shar, kowa na murna. Sunan albarka ne... amma ni ba don murna na sa mata ba."

Marka ta matso kusa da ita. Ta san mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta, iyakar abin da aka taɓa gaya mata ke nan.

"'Yata ta fari, can gonakin na aurar da ita," Hajiya ta ci gaba, idonta a ƙasa. "Da cikinta ya tsufa na aika a kawo mini ita goyon ciki, kamar yadda aka yi mini. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya ce a bari ruwa ya tsagaita. Na kafe, na ce haihuwar fari sai a ɗakin uwa. Kwana biyu lori tana cikin baƙin taɓon nan. A bayan motar ta haihu, ƙarƙashin tamfol. Jaririya aka miƙo mini... uwar kuwa a kafaɗa aka shigo da ita."

"Habboba..." in ji Marka.

"Bari in ƙarasa. Ubanki ya mayar miki da sunanta. Ni ko tana raye bakina bai taɓa kama sunan ba, don kunyar 'yar fari, balle da na zama sanadinta. Sai na ce Marka. To wannan hanyar ce kake so in sake ɗora jikata a kai, Gado."

Marka ta faɗa jikinta tana kuka. "Shekara ashirin kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Wallahi ba ke ba ce, kwananta ne ya ƙare! In kin ce in haƙura zan haƙura, ko da zuciyata za ta fashe."

Gado ya ɗago kai ya dubi Hajiya.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, hanyar tana nan yadda kika san ta. Amma bukka biyu na gina, Habboba, don na san ba za ta iya barin ki ba. Kafin ruwan fari zan zo in ɗauke ki. Unguwarzoma ma muna da ita kusa. Ba ita za ta hau hanya ba, ɗakin uwa ne zai same ta inda take."

Hajiya ta zuba wa yayyafin ido ta ƙofa, har Marka ta fid da rai.

"Rufin nawa dai ba ya yoyo ko? Don ni ba irin yarinyar nan ba ce, ina gudun ruwa."

Gado ya yi dariya, hawaye cike da idonsa.

Tsohuwar ta tallafo fuskar jikarta da hannu biyu.

"Zainaba..."

Marka ta yi sororo. Tun da take, ba ta taɓa jin an kira sunan nan nata na yanka a cikin ɗakin nan ba.

"Zainaba, tashi ki ba mijinki ruwa ya wanke ƙafa."

"Na'am, Habboba," ta ce. "Na'am."