Kwamfutar da Ta San Fuskar Yaya

Ana gab da kiran magariba Injiniya ta sauka daga tasi a gaban shagon magunguna, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Aikin da ya kawo ta ba wani babba ba ne. Za ta hau bene, ta buɗe ofishin yayanta, ta kashe kwamfutarsa.

Tun da aka binne Yaya ba ta yi kuka ba. Tana cin abinci, tana zuwa aiki, tana amsa gaisuwa, amma komai wucewa yake ta gefenta bai taɓa ta ba. Da safen ranar matar Yaya ta miƙo mata waya, idanunta a kumbure.

"Injiniya, duba mini abin nan. Kullum yamma ta yi sai saƙo ya shigo, wai an saya, wai an sayar. Abin da ya bar wa yaran nan ne yake zurarewa. Ke kika ɗaura masa, ke za ki kwance."

Gaskiya ta faɗa. Yaya ɗan kasuwar canjin kuɗi ne ta intanet, amma ko ƙurar fankar kwamfuta bai iya hurewa ba. Injiniya ce ta haɗa masa komai. Ita ta ajiye akwatin batir a ƙarƙashin tebur, don kada ɗauke wuta ya katse masa ciniki. Ita ta kulle kwamfutar yadda ba ta buɗuwa sai kyamara ta ga fuskarsa. Ba saye, ba sayarwa, sai fuskar nan ta amince.

To fuskar wa take gani yanzu?

A gindin matakala ta tarar da mai gadi yana alwala.

"A'a, Injiniya, yau ke ce da kanki?"

"Ni ce, Baba. Akwai mai hawa sama ne?"

"Wa zai hau, makulli yana hannunku? Sai dai kujerar marigayi. Ita kam ba wanda ya gaya mata an yi rasuwa. Yamma na yi za ki ji ta ƙii, ƙii." Ya yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. "Ki bari a idar da sallah mana, 'yata."

"Yanzu zan sauko."

Ofishin ƙarami ne, tagarsa ɗaya, labule a sake. Warin roba mai zafi ya cika shi, da ɗan sauran turaren Yaya. Fankar kwamfutar tana gurnani, alamar ta sha ƙura. Kofin shayinsa yana nan inda ya bar shi, ya yi fumfuna a ciki. Allon a kulle yake, baƙi wuluk.

Da wani ne, waya zai fizge daga soket ya tafi. Ita ba ta aiki haka. Ta sha faɗa wa Yaya cewa kashe kwamfuta ba ya rufe cinikin da ke buɗe a kasuwa. Sai an rufe kowanne, a fita daga asusu, sannan a kashe. Don haka ta zo da ɗan filashin da ake soka wa kwamfuta, wanda ke buɗe wa mai gyara hanya. Ta ja kujerar ta zauna.

Kujerar da ɗumi.

Tana laluben filashin a jaka, ladan ya ɗaga murya daga nesa. Ɗan hasken kyamara ya kunnu. Allon ya waye da kansa, ya rubuta: Barka da dawowa.

A kusurwar allon akwai ƙaramar taga mai nuna abin da kyamara ke gani. Ta ga kanta, mayafi ya zame. A bayan kafaɗarta ta dama, ga fuskar Yaya.

Gemunsa ne, da tabon goshinsa. Amma idanun ba sa ƙiftawa, kuma fatar tana zaune a kan fuskar kamar rigar aro. Ta tuna Yaya yana cewa cikin raha, shekarun da ya yi a ɗakin nan shi kaɗai, yamma da magariba, ji yake kamar akwai mai taya shi kallon allo. A lokacin cewa ta yi ya rage shayi.

Ta jira tsoro ya zo. Bai zo ba.

Ba ta waiga ba. Ta kama linzamin kwamfutar, ta danna rufe ciniki na farko. Kwamfutar ta nemi fuska. Hasken kyamara ya ƙaru. Abin da ke bayanta ya sunkuyo, kumatunsa dab da nata.

An amince.

Wari ya taso, irin na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ta danna na gaba. Ya sake sunkuyowa. Wannan karon ba allon yake kallo ba. Ita yake kallo, ta cikin ƙaramar tagar, a hankali, daga goshi zuwa haɓa.

"Ɗago kai kaɗan," aka raɗa mata. Muryar Yaya ce, sai dai babu numfashi a cikinta.

Ta so ta nemi tsari, harshenta ya yi nauyi. Ta tuna yaran Yaya suna zaune a falo da kayan makaranta. Ta danna na gaba.

Gemun ya fara shuɗewa.

Ta danna.

Hancin ya sirance. Tabon goshin ya ɓace.

Ta gane cinikin da ake yi da ita. Duk wanda ta rufe, sai kyamara ta kunnu, sai ya ƙara samun kallonta. Saura ɗaya, shi ne mafi girma. Ta dubi ƙofa. Ta dubi allon.

Ta danna.

An amince. Babu sauran ciniki a buɗe.

A ƙaramar tagar mata biyu ne, mayafinsu iri ɗaya, ya zame ta gefe ɗaya. Ɗaya ce kawai take ƙifta ido.

Allon ya rubuta: An karɓi sabuwar fuska.

Ta fizge wayar daga bango.

Kwamfutar ba ta mutu ba. Akwatin batir ɗin da ta saya da hannunta ya karɓi aiki. Tiit. Tiit.

Ta zame daga kujera ta shiga ƙarƙashin tebur. Duhu, ƙura, zafi. Yatsanta ya sami maɓallin kashe akwatin. Irin wanda sai an danne an riƙe ne. Ita ta zaɓe shi, don kada ƙafa ta kashe shi bisa kuskure. Ta danne, ta riƙe.

Kujerar ta yi ƙii. An zauna.

Ƙafafu biyu suka shigo ƙarƙashin tebur, a gefen fuskarta. Takalmanta ne a jikinsu.

Sama da kanta, maɓallan rubutu na kwamfutar suka fara ƙara.

Tiit. Tiit.

Wani hannu mai sanyi ya sauko, ya shafi kumatunta, kamar mai duba yadi a kasuwa.

Shiru. Fanka ta tsaya.

Ba ta san yadda ta kai matakala ba. Mai gadi ne ya tare ta a ƙasa, babu takalmi, babu jaka. Ya yi ta tambayarta, ita tana kallon bakinsa yana motsi.

Saƙonnin sun daina shigowa. Abin da ya rage ya isa hannun matar Yaya, ta rungume Injiniya tana kuka, tana sa mata albarka. Injiniya ta tsaya a rungume, hannuwanta a sake.

Tun daga ranar wayarta ta daina gane fuskarta, sai da lamba take buɗe ta. Autar Yaya, wadda a da take rugowa ta faɗa jikinta, yanzu takan tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana dubanta tukuna.

Bayan 'yan makonni mai shagon magunguna ta kira ta a waya.

"Injiniya, fushi muke. Kullum magariba ki wuce mu ki hau sama, ko sannu babu? Jiya har hannu na ɗaga miki."

Injiniya tana zaune a bakin gadonta, inda ta yini jiya, da shekaranjiya.

"Ki yi haƙuri," ta ce. "Idan na sake wucewa, kada ki gaishe ni."