Turakun Bakin Fadama

Ranar Litinin da hantsi ma'aikaciyar meri, wato ofishin magajin gari, ta zo da ma'auninta bakin wata fadama a bayan Lyon, ta tarar an matsar da turakun iyaka goma sha biyu wajen ruwa. Dokar garin ta ce daga bakin ruwa zuwa mita ashirin da biyar ba gini, ba noma. A da mita sha biyar ne, aka ƙara da aka fara gidaje kusa. Kafin azahar kamfanin ginin ya dakatar da Issa mai tuƙa katafila, mijin 'yar ƙanwata Raliatou, wai shi ya matsar da su don ya sami wurin zuba ƙasa. In aikin ya tafi, takardun zamansa za su bi shi.

Ina gida a Sevran Raliatou ta kira ni.

"Kawu, za su kore shi."

"Share hawayenki. Gobe ina nan."

Ni Badaru ban taɓa zama aji ba. Amma fari biyu na gani a Maradi ban mutu ba, na ƙetare sahara a bayan mota, na yi shekara talatin ina dako a kasuwar Rungis. Ƙasa kuwa, ba a haifi wanda ya fi ni karanta ta ba.

Issa na fara titsewa.

"Ka taɓa turakun?"

"Wallahi Kawu, ko kusa."

"Ka taɓa noma?"

"Ni? A gareji na tashi a Damagaram."

Sai Yanis, shugaban ma'aikatan ginin.

"Tsoho, an tsayar mana da aiki gaba ɗaya. Ina ribata?"

Na bi layin turakun da ƙafa. Gefen gini taki biyu kawai suka matsa. Can ƙarshe, inda lambuna uku suke, taki goma. Na cire Yanis daga zargi. Na tsuguna na nemi tsofaffin ramukan. Kowanne an tura masa ƙasa da gefen ƙafa, an danne da diddige sau ɗaya. Goma sha biyu, iri ɗaya.

Lambu biyu na Turawa ne. Na ukun yakuwa ce da kuɓewa, da wani dattijo a duƙe. Muka gaisa gaisuwar gida, har gajiya da sanyi. Soumaïla sunansa, mutumin Tahoua.

"Malam Soumaïla, gero nawa ka shuka a rayuwarka?"

"Wa zai ƙirga?"

"Ƙafarka ta ƙirga. Bature in ya zare turke, ramin zai bari a buɗe. Direba kuma da shebur zai cike. Wanda ya taso yana bin mai sungumi ne kaɗai ba ya iya wuce rami bai rufe da diddige ba."

Ya ajiye bokitinsa.

"Sabuwar iyakar ta cinye lambun duka, Alhaji. Matata ta kawo irin nan daga gida. Bara ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Amma akwai yaro da za a mayar gida saboda kai. Matarsa na da ciki."

"Wane yaro?"

Ashe bai ma ji ba. Ya wanke hannu, ya ce in raka shi meri.

Ma'aikaciyar ta saurare shi har ƙarshe, ta dafe kai. Ta ce ai dokar ta yarda a rage iyaka a wuri ɗaya in za a ƙara a wani, in dai an nema a rubuce, ba a ɓoye ba. Da ya tambaya, watakila da lambun ya tsira duka. Yanzu sai tara, rabin lambun kuma ya koma na fadama. Ta ba shi kwana uku ya kwashe shukarsa.

Ranar Alhamis Issa ya koma aiki. Da aka tashi cin abincin rana na hange shi ya nufi lambun, na ɗauka faɗa za a yi, na gyara sandata. Ya tsaya kan Soumaïla jim kaɗan, sannan ya naɗe hannun riga.

"Baba, nuna min yadda ake cire yakuwar nan saiwar ba ta tsinke ba."