Kyamarar Da Ba Su Ɗauka Ba

"Kowa ya kwanta!"

Da rana tsaka 'yan fashi suka faɗa shagon kyamarori. Dogo, shugabansu, ya fasa gilashin kanta da gindin bindiga. Kunama ya buɗe buhu yana ɗura kyamarori, tsofaffin nan masu cin fim, masu nemo saiti da kansu, waɗanda masu sha'awar kayan da ke saye da tsada.

Auta yana waje cikin mota, riƙe da sitiyari. Shi ya kawo harkar. Shagon babansa ne. Ya rantse musu tsohon ya tafi ganin likitan ido, sai yamma.

Ashe likitan bai zo ba.

Tsohon ya fito daga ɗakin gyara riƙe da wata kyamara da ya gama haɗawa, daidai lokacin da ƙyallen fuskar Kunama ya zame. Ya ɗaga, ya danna. Ziiit — fitila ta haska!

Tau!

"Kai, ka haukace ne?" Dogo ya daka tsawa.

"Na zaci bindiga ya zaro, Oga!" in ji Kunama.

Suka afka mota.

"Wa aka harba?" in ji Auta.

"Iska. Taka wuta!"

"Dogo, don Allah, wa —"

"Ja mu tafi, na ce!"

A ƙarƙashin gawar tsohon, Sufeton 'yan sanda ya tsinci kyamarar. Aka kai fim wanki. Ko saiti tsoho bai tsaya yi ba lokacin da ya danna, amma ita ta yi aikinta: ga fuskar Kunama tar, har tabon haɓarsa.

Dogo ya tsere da buhun shi kaɗai. Harsashi ya tsayar da shi a shingen bincike. Kunama kuwa, da aka kama shi, ko mari bai sha ba ya soma zayyana sunaye.

A ɗakin mahaifiyarsa 'yan sanda suka tarar da Auta, yana lallashinta ta sha ruwa.

"Ranka ya daɗe, kuskure ne," ta ce, ta damƙe hannun Auta. "Autana ne. Shi ya kwana yana kuka a kan babansa."

Sufeto ya sunkuyar da kai.

"Faɗa musu mana, ɗana."

Kofin ya suɓuce masa.

"Inna... ce mini ya yi zai je asibiti."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta saki hannun a hankali, ta juya fuskarta bango.

Har aka sa masa ankwa yana kiran Inna. Ba ta waiwayo ba.